Don Allah a taimaka, antibodina yana aiki a ELISA amma ya ƙi fito da VWF a westan bulot

Hauwa'u:
Assalamu alaikum malamai da yayyena na wannan zaure. Na daɗe ina karanta abin da kuke tattaunawa ban taɓa cewa uffan ba, yau dai tura ta kai bango. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, hankalina ba a kwance yake ba.

Digiri na biyu nake yi, aikina a kan furotin ɗin von Willebrand ne, wato VWF, mai taimaka wa jini ya daskare, a ruwan jinin masu sikila. Asali ba shi ne maudu'ina ba. Na fara da ƙwayoyin filatilet, masu toshe rauni jini ya tsaya, na yi wata biyar ina karatu, har na rubuta babi na ɗaya da na biyu, sai malamin da ke duba ni ya tafi hutun bincike na shekara guda, aka miƙa ni ga wata malama. Ita kuma ta ce ba ta da kayan wancan aikin, amma akwai ragowar wani tallafi da zai isa a sayi antibodi ɗaya, wato furotin ɗin garkuwar jiki da ake amfani da shi a kama furotin ɗin da ake nema. Ɗaya tak. Ni na zauna na zaɓa, sati biyu ina bin takardun bayani, daga ƙarshe na ɗauki monokulonal na ɓera, domin a aji an koya mana shi ne mai tsabta, gurbi ɗaya yake kamawa, ba ya kame-kame. Aka yi oda, ya yi wata biyu a hanya. Izinin kwamitin ɗa'a shi ma ya ci wata uku. Na tara jinin mutum 40 masu sikila da lafiyayyu 20. Da yawansu yara ne, ni na zauna da iyayensu mata na yi musu bayani har suka yarda, akwai wadda ta riƙe hannuna ta ce Allah ya sa a gano abin da zai sauƙaƙa wa ɗanta. Wannan maganar ita ke hana ni barci.

ELISA, gwajin da ke auna yawan furotin a faranti, ya yi kyau, VWF ya fi yawa a masu sikila, kamar yadda ake tsammani. Amma malamata ta ce yawa kaɗai ba labari ba ne, sai na nuna manyan sarƙoƙin furotin ɗin a jel. Na yi westan bulot, gwajin da ake raba furotin gwargwadon nauyi a jel sannan a gano shi da antibodi, sau bakwai. A sama babu komai, sai wani layi mai kauri da duhu a wajen nauyin kilodaltan 50, da wani siriri a wajen 25, wani lokacin kuma dabbare a bakin ramin jel ɗin. Wata uku ya rage mini, abin da ya saura a kwalbar bai fi na gwaji huɗu ba. Antibodin ne ya lalace, ko jabu aka turo mana? Zan iya rubuta wa kamfanin su canza mini?

Malam Isiyaku:
Wa alaikumus salam. Sannu ƙanwata, Allah ya kawo mafita. Kin ba mu tarihi amma abin da za mu kama ba ki faɗa ba. Jel ɗin kashi nawa ne? Kina sa DTT, sinadarin da ke tsinka ɗaurin furotin, a samfurin kafin ki dafa shi? Ruwan jinin tsura kike zubawa ko kina sirka shi, kuma sau nawa? Wane antibodi na biyu, mai kama na farko ya nuna inda yake, kike amfani da shi? Takardar bayanin ta ce an gwada shi a bulot, ko ELISA kawai aka rubuta?

Dakta Bashir:
Ba sai an jira amsa ba, Malam Isiyaku, lambobin da ta faɗa sun riga sun tona komai. Hauwa'u, abin da kike gani a 50 da 25 ba VWF ba ne, ba kuma gutsurensa ba ne. IgG ne, wato antibodin da ke cikin jinin mutanen da kika ɗeba, babbar sarƙa kilodaltan 50, ƙarama 25. Antibodinki na biyu ne yake kama su. A ruwan jini IgG yana kai wajen miligiram 10 a kowace mililita, VWF kuwa wajen maikirogiram 10 ne, ninki dubu ke nan tsakaninsu, don haka ko ɗan kama-kama kaɗan ya isa ya rufe miki ido. Kuma tunda sun rabu gida biyu, na san kin sa DTT.

A nan kuwa gizo ke saƙar. VWF guda ɗaya nauyinsa wajen kilodaltan 250 ne. Jiki yana ɗaura su bibbiyu, sannan ya jera su sarƙa-sarƙa da ɗaurin disalfayid, daga 500 har zuwa 20,000. DTT aikinsa ke nan ya tsinka wannan ɗaurin. Kin ɗauki sarƙar da aka ce ki auna tsawonta, kin tsittsinka ta, sannan kina neman tsawon. Ko da antibodin da ya fi kowane kyau a duniya ne a hannunki, layi ɗaya za ki gani a 250, na mai sikila da na lafiyayye duk iri ɗaya. Sarƙoƙin VWF a jel ɗin agaros ake raba su, mai sinadarin SDS da ke warware furotin, kashi ɗaya zuwa biyu cikin ɗari, ba DTT, a bar shi ya yi tafiya a hankali cikin sanyi kwana guda. Haka ake yi tun shekarun 1980.

Shawarata ɗaya ce. Ki ajiye monokulonal ɗin nan, ki nemi folikulonal na zomo, mai kama gurabe da yawa. Shi kowa ke amfani da shi a wannan aikin. Shekara goma sha ɗaya na yi ina zuba wannan jel ɗin, ban taɓa ganin wanda ya wahalar da kansa da monokulonal ya ji daɗi ba.

Hauwa'u:
Na gode Malam Isiyaku, na gode Dakta, Allah ya ƙara girma. Jel ɗin kashi 12 ne, shi kowa ke zubawa a ɗakin gwajinmu, kuma da shi wasu suka gama aikinsu lafiya. DTT kuwa yana cikin tsarin da aka ba ni a rubuce, ba ni na ƙirƙira ba. Game da monokulonal, ranka ya daɗe, ban zaɓe shi da ka ba. A takardar bayanin akwai hoton bulot da layi fes a sama da 200. Idan bai dace ba me ya sa suka sa hoton? Kuma ba ni da halin sayen wani, na faɗa tun farko.

Dakta Bashir:
Waɗanda suka gama da kashi 12 furotin ɗinsu ƙanana ne. Naki a bakin rami yake maƙalewa, shi ne dabbaren da kike gani. Hoton kamfani kuwa ki duba ƙasansa da kyau, sau da yawa furotin tsarkakakke suke zubawa, ko ƙwayoyin da aka cusa wa ƙwayar halittar har suka cika suka batse. Ruwan jinin mutum daban ne.

Rukayya:
Ni tambayata ba ta kan antibodi ba ce. Hauwa'u, a wace kwalba kika ɗebi jinin, kuma daga hannun mara lafiya zuwa injin juya jini awa nawa? A ina yake zama kafin nan?

Hauwa'u:
Mai shuɗin murfi ce, Anti, sitiret kashi 3.2. Ina ɗiba da safe, in jera su cikin kula mai ƙanƙara don kada su lalace, sai da rana idan na koma in juya su in raba ruwan in sa a firiza.

Rukayya:
Inna lillahi. Abin da nake tsoro ke nan. Jinin da za a auna VWF ba a ɗora shi kan ƙanƙara kafin a raba shi. Sanyi yana sa VWF ya dunƙule ya bi ƙwayoyin jini ya kwanta, shi da Fakta 8, wani furotin na daskarewar jini da yake goye da shi, kuma manyan sarƙoƙin su suka fi tafiya, su ne kuwa abin da kike nema. A yanayin ɗaki ake barinsa, a juya shi cikin awa huɗu. Haka in za ki narkar da wanda ya daskare, a ruwa mai ɗumin digiri 37 za ki sa shi na 'yan mintoci ki jujjuya, ba ki bar shi a firji ya narke da kansa ba. Narkewa a sanyi ai ita ce hanyar da bankin jini ke bi da gangan don ya ware VWF da Fakta 8 ya tara su a ƙasa.

Wannan abin yana ci mini rai wallahi. Shekara goma sha shida ina aikin ɗakin gwajin daskarewar jini, kullum ɗalibai suna wucewa ta gabana da kula a hannu, ba mai tsayawa ya ce Anti yaya ake yi. Sai an gama ɓarna a zo ana neman mu gyara. In takarda ta fito kuma ko a godiya ba a sa sunanmu. Akwai wanda na raba wa samfuri sama da ɗari biyu da hannuna, ranar da ya kare aikinsa ko gayyata ban samu ba. Ba da ke nake ba ƙanwata, abin ne ya taru.

Dakta Bashir:
Hajiya Rukayya, kada mu tsorata yarinya. ELISA ɗinta ya nuna VWF yana nan, har ya fi yawa a marasa lafiyar. Samfurin bai mutu ba. Matsalarta jel ce da antibodi.

Rukayya:
Dakta, ELISA yawa yake ƙirgawa, bai san dogo da gajere ba. Kai da kanka ka gama faɗa mata cewa tsawo ake nema.

Hauwa'u:
Anti, duka samfuran ai hanya ɗaya suka bi, na marasa lafiya da na lafiyayyu, to ko an yi asara ai daidai aka yi. Kuma ba kan ƙanƙarar kai tsaye nake ɗorawa ba, akwai auduga a tsakani. Sake tara jini ba zai yiwu ba, izinina na mutum 60 ne, kuma ba zan iya komawa wurin iyayen nan in ce a sake huda musu 'ya'ya ba.

Nura:
Ni dai ina so in ja hankali kan maganar folikulonal, da girmamawa ga Dakta. Shi ne ya cinye mini shekara guda cur. Ina aiki a kan wani furotin na daskarewar jini, kwalbar farko ta ba ni layi mai kyau, na gina babi biyu a kansa. Ta ƙare, muka sake oda, lambar kaya ɗaya, kamfani ɗaya, sai dai lambar rukuni ta canza. Sabuwar ta fito da layi uku, babu ɗaya a inda na saba gani. Na rubuta musu, bayan sati uku suka amsa cewa in ƙara madarar toshewa. Da na matsa sai suka ce tsohon rukunin ya ƙare. Ma'ana jinin wancan zomon ya ƙare, wannan wani zomo ne daban. Malamina kuma ya tsaya kai da fata cewa hannuna ne ya canza. Na kusa barin karatun.

Abin da Köhler da Milstein suka kawo a 1975 ai maganin wannan ne, ƙwaya ɗaya mai haifar da antibodi iri ɗaya har abada, wato monokulonal, shi ya kai su ga kyautar Nobel a 1984. Don haka zaɓin Hauwa'u ba wauta ba ne. Inda ta yi sake shi ne ba ta tantance shi ba. A 2016 wani ayarin masana ya fitar da hanyoyi biyar na tantance antibodi, mafi ƙarfinsu shi ne ka gwada shi a inda ka tabbata furotin ɗin babu shi. Ki nemi ƙwayoyin HUVEC, na bangon jijiyar cibiya, suna ƙera VWF suna adana shi, su ne shaidar akwai. Ki nemi ƙwayoyin HEK293, ba sa yin sa, su ne shaidar babu. In ya kama na farko ya bar na biyu, antibodinki lafiya lau yake. Kuma ki rubuta lambar rukuninsa a littafinki yau ɗin nan.

Dakta Bashir:
Nura, abin da ya same ka na ji, amma furotin ɗinka ba VWF ba ne. VWF ƙato ne, cike da gurabe, folikulonal yana kama shi ta ko'ina, shi ya sa siginar ke da ƙarfi har manyan sarƙoƙin da ba su da yawa su fito. Monokulonal da yawa siffar furotin suke ganewa, ba jerin amino asid ba. A ELISA furotin yana naɗe yadda Allah ya yi shi, sai su kama. Ka dafa shi da SDS da DTT, siffar ta warware, gurbin ya ɓace. Wannan shi ne amsar tambayarta tun daga take. Kuma ina za ta samo HUVEC a wata uku da gwaji huɗu a kwalba?

Malam Isiyaku:
Ni ina ganin a rage wa yarinyar nan kaya. Abu na farko ba ya cin ko ɗigon antibodinta: ta yanki tsiri ɗaya na bulot ta sa masa antibodi na biyu kaɗai. In 50 da 25 suka fito, maganar Dakta ta tabbata, sai ta nemi na biyu wanda aka tace da furotin ɗin jinin mutum.

Na biyu, Hauwa'u, tunda ELISA ya karɓe ki, me zai hana ki tsaya a kansa? Akwai gwajin kama kolajin, furotin ɗin da VWF ke mannewa a jikinsa a bangon jijiya. Ana shafa kolajin a faranti, a zuba ruwan jini, manyan sarƙoƙi sun fi ƙanana kama shi nesa ba kusa ba. Sai ki raba sakamakon da yawan VWF da kika riga kika auna, rabon zai ba ki haske kan tsawo ba tare da jel ba. Mai yiwuwa ma antibodin da ke hannunki ya yi aikin ganowa, in dai gurbinsa ba a sashen A3 na VWF yake ba, domin nan ne kolajin ke kamawa. Jel ɗin agaros ba wasa ba ne, wanda ya iya ma yakan zubar da biyu kafin ɗaya ya yi kyau.

Dakta Bashir:
Gwajin kolajin an gina shi ne don gano rashin manyan sarƙoƙi, kamar a nau'in 2A na cutar von Willebrand. Ita kuwa ƙari take nema, sarƙoƙin da suka wuce misali saboda ADAMTS13, furotin ɗin da ke yanka VWF a jini, bai datse su ba. Wannan ido ke gani a jel. Duk mai jarrabawar da ya san aikinsa hoto zai tambaya. In har ta nace sai jel ɗin akirilamayid irin wanda take zubawa, to ta sauka zuwa kashi 5 ko 6, ta kwashe furotin zuwa takardar bulot cikin ruwa kwana guda, ta rage metanol. Za ta iya ganin 250, wataƙila da gutsattsarin 176 da 140 da ADAMTS13 ke bari in ya yanka a sashen A2. Amma wannan ba sarƙa ba ce, kada ta rubuta cewa sarƙa ta gani.

Dakta Amina:
Kowa yana kan jel, ni ELISA ɗin da ake yabo ne ya tsaya mini. Hauwa'u, kin rubuta rukunin jinin mutanen? Masu rukunin O VWF ɗinsu ya kan gaza na sauran da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. In lafiyayyunki yawanci O ne, wani ɓangare na bambancin da kika gani daga nan yake. Sannan VWF yana tashi da zazzaɓi, da kumburi, da juna biyu, har da kukan yaro lokacin da ake neman jijiya, domin bangon jijiya yana da rumbunsa, jikkunan Weibel-Palade, yana zazzage su nan take. Marasa lafiyarki suna cikin rikicin ciwo ne ko suna zaune lafiya? An ƙara musu jini kwanan nan? Suna shan haidiroksiyuriya, maganin nan na sikila?

Hauwa'u:
Dakta Amina, na gode. Rukunin jini ba ya cikin fom ɗin da kwamiti ya amince da shi, shi ya sa ban tambaya ba, kuma takardu biyu da na bi tsarinsu su ma ban ga sun sa ba. Yawancinsu ranar asibiti ta yau da kullum suka zo, ina jin lafiya suke, ban da 'yan kaɗan da aka kwantar.

Dakta Amina:
'Yan kaɗan ɗin nan nawa ne? Ki ware su. Rukunin jini kuma ana iya gano shi daga ruwan jinin da ke firizarki, a haɗa shi da jajayen ƙwayoyin A da na B a ga wanda ya dunƙule. Amma sai kin koma wa kwamiti sun ƙara miki izini tukuna.

Zainab:
Ni abin da ya fi ba ni haushi a labarin nan malamar ce. Ta yaya za ki ce wa ɗaliba ta nuna sarƙoƙi, ki miƙa mata tsarin da aka rubuta don wani furotin, ki bar ta ta yi sau bakwai ba ki leƙa ba? Haka aka yi mini, malamai uku a shekara biyu, kowa da abin da yake so, wanda ya zo ƙarshe ya ce duk abin da na yi a baya shara ne. Hauwa'u, ki ɗauki hotunan bulot ɗin nan bakwai ki ajiye mata a tebur, ita ta nemo mafita.

Hauwa'u:
Yaya Zainab, malamata tana da kirki, ɗalibai tara ne a hannunta, kuma ita ta karɓe ni lokacin da ba ni da kowa. Ban nuna mata bakwai ɗin ba, uku ta gani. Ina so in je mata da abin da ya yi kyau ne.

Na karanta duk abin da aka rubuta, Allah ya saka da alheri. Abin da na yanke shi ne gobe in zuba jel kashi 6 in sake gwadawa da antibodin nan, domin har yanzu ina ganin tunda ya yi a ELISA kuma kamfanin ya nuna hoto, zai yi. Agaros ɗin da muke da shi na DNA ne, ban sani ba ko zai yi wannan aikin, kuma babu wanda ya taɓa zuba irinsa a wurinmu. Maganar ƙanƙara kuma zan sa ta a babin iyakokin bincike.

Rukayya:
Ba iyaka ba ce ƙanwata, tushen aikin ne. Ki ɗebi jinin mutum ɗaya lafiyayye cikin waɗanda izininki ya rufe, ki raba biyu, rabi a ƙanƙara rabi a tebur, ki gani da idonki kafin ki ƙona sauran antibodin.

Dakta Bashir:
Za ki ƙona gwaji ɗaya cikin huɗu a kan abin da na riga na gaya miki sakamakonsa. Ki nemi wani ɗakin gwaji da ke aikin jijiyoyin jini, da wuya a rasa folikulonal na VWF a firjinsu, domin da shi ake rina bangon jijiya a yankan nama. Maikirolita goma ya ishe ki farawa. Ki roƙa.

Nura:
In ta aro, ta tambayi shekarar da aka buɗe kwalbar da lambar rukuninta. Na aro ne ya ƙarasa ni a karo na biyu.

Malam Isiyaku:
Har yanzu ba ki gaya mana sau nawa kike sirka ruwan jinin ba, da sunan dabbar da aka yi antibodi na biyu a jikinta.

Hauwa'u:
Malam, tsura nake zubawa, maikirolita goma a kowane rami, na ga kamar in na sirka zai ƙara ɓacewa. Na biyun kuma takardar jikin kwalbar ta goge, a firji na same shi, amma wata ɗaliba ta ce na ɓera ne kuma ya yi mata aiki bara. To a jel ɗin goben, in sa DTT ɗin ko in bari? Na riga na fito da samfura shida daga firiza, suna firji tun la'asar.